Mai Janwe da Haƙƙin Maharazu

An yi wani mutum a nan ƙasar Daura, ba da jimawa ba. Ba zan kama sunansa ba, domin ya bar 'ya'ya, kuma suna cikinmu.

Asalinsa bakanike ne. Ya daɗe yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, har Allah ya hore masa ya sayi janwe, wato motar da ke jan 'yar uwarta idan ta mutu a hanya. Direbobin Mashi da na Kongolam duk sun san shi. Idan mota ta lalace a daji shi ake kira, kuma ba ya ƙin zuwa.

Ana nan sai cunkoso ya yi yawa a bakin kasuwa. Kowa ya ajiye motarsa inda ya ga dama, har mai ɗauke da majinyaci ya rasa ta inda zai wuce. Hukuma ta zauna ta yi doka: duk motar da ta tare hanya a ja ta zuwa wani fili mai katanga, mai ita ya biya tara ya ɗauki abarsa. Aka yanka tarar daidai ƙarfin talaka, aka rubuta a allo, aka kafe a ƙofar filin. Aka danƙa wa mutumin nan aikin, saboda an shaide shi da gaskiya.

Ya 'yan uwa, dokar ba ta da laifi. Amana ce aka ba shi, kuma da farko ya riƙe ta.

Sai zuciya ta fara yi masa raɗa. Ya ƙara wani abu kaɗan a kan tarar, ya ce kuɗin gadi ne. Babu wanda ya tanka. Ya ƙara wani, ya ce kuɗin kwana ne, ko da motar daga azahar zuwa la'asar ta yi a filin. Da iskar damina ta kayar da allon hukuma, ya bar shi a kife, ciyawa ta rufe shi. Daga nan ya daina jiran mai laifi. Ya koma laɓewa a kwana, da zarar mutum ya fita daga motarsa ya juya baya, ko ba a kan hanya take ba, sai ya ji ƙarar sarƙa. Wanda ya kasa biya, motarsa ta zauna, kuɗi na hauhawa. Idan ta daɗe, a cire batir, a cire taya, a kai kasuwa.

Ya gina bene. Ya sayi gona. Matarsa Siddiƙa, mace mai tsoron Allah, ta ce masa, “Maigida, abincin gidan nan ya fara yi mini ɗaci. Duk inda na shiga biki sai mata su yi shiru.”

Ya ce, “Ni na ce su ajiye mota a hanya? Aikin hukuma nake yi.”

To, akwai wani manomi a wani ƙauye bayan Dutsi, sunansa Maharazu. Wata ranar kasuwa matarsa Kubura ta tashi da naƙuda tun asuba, abu ya ƙi. Ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a nemo mota a kai ta asibiti. Maharazu ya hau acaɓa ya shigo Daura, ya ari tsohuwar motar yayansa. A hanyar fita ya tsaya a gefen titi, ya shiga shagon magani don ya sayi abin da ungozoma ta ce ya taho da shi. Fitowarsa ke da wuya sai ya hango motar a bayan janwe, gabanta a sama.

Da gudu ya bi ta har filin. Ya iso yana haki, ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, don girman Allah. Matata ce a kan gwiwa a ƙauye, jini take zubarwa. Da motar nan zan ɗauko ta.”

Ya zazzage aljihunsa a ƙasa. Abin da ya zuba ya kai tarar hukuma har ya ɗara. Amma bai kai abin da mutumin nan ya yanka wa kansa ba.

Mutumin ya dubi kuɗin, ya ce, “Duk wanda ya zo nan matarsa naƙuda take yi. Je ka ciko.”

Maharazu ya miƙa wayarsa jingina, ya cire hularsa ya ɗora a kai. Mutumin ya sa kwaɗo ya rufe ƙofa, ya ce lokacin azahar ya yi. Ya tafi salla.

Salla, ya 'yan uwa! Da wace fuska ya tsaya? Me ya ce wa Ubangijinsa a cikin sujada, alhali mabuɗin yana aljihunsa, bawan Allah yana kuka a bakin ƙofa?

Maharazu ya shiga gari yana neman wata mota, ranar kasuwa, kowa da lodinsa. Kafin ya samu ya isa ƙauye, la'asar ta wuce. Tun daga nesa ya ji kukan mata. Kubura ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Bayan an share makoki ya dawo filin. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Na zo in gaya maka ta cika. Ban yafe ba. Sai mun haɗu a gaban Allah.”

Mutumin ya buɗe ƙofa, ya ce ga motar nan ya ɗauka, ba sai ya biya komai ba. Maharazu bai waiwayo ba.

Labari ya cika gari. Direbobin da suka daɗe suna haƙuri suka haɗa kai suka kai ƙara. Hukuma ta zo ta buɗe filin, ta tarar da motocin mutane a kan duwatsu, wasu babu inji. Aka ƙwace aikin, kotu ta ce ya biya kowa. Janwe ta tafi, gona ta tafi, bene ya tafi. Ya koma haya da iyalinsa. Ya sake ɗaukar sifana, amma wa zai kawo masa mota?

Duk wannan bai dame shi kamar abu ɗaya ba. Da ya ta da kabbara sai ya ji muryar nan: ban yafe ba. Ya je wurin wani malami yana kuka. Malamin ya ce, “Ƙofar tuba a buɗe take. Amma haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe. Nemi mutumin nan tun kana numfashi.”

Ya je ƙauyen. Aka ce Maharazu ya sayar da gonarsa ya tsallaka iyaka, babu wanda ya san garin da ya sauka. Ya je Kongolam, ya bi tasha-tasha yana kwatanta shi ga direbobi. Wani ya ce ya taɓa ganin mai kama da shi, wani ya kau da kai. Haka ya yi ta yi har ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Siddiƙa, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe, ta ce duk maganarsa ta ɓace, sunan nan kaɗai ake ganewa. A kansa ya cika, bai same shi ba.

Ya 'yan uwa, duk wanda aka ba mabuɗi, ko hatimi, ko igiyar tare hanya, ya sani jarrabawa aka ba shi. Abin da hukuma ta yanka, shi ne. Duk abin da ka ɗora a kai haram ne, ko da wane suna ka kira shi. Kuma ba ka san abin da ke jiran mutumin da ka tsare ba. Idan akwai wanda ka zalunta, kuma ka san ƙofar gidansa, me kake jira? Tafi yau. Gobe wataƙila ya tashi.

Allah ya jiƙan Kubura da ɗanta, ya sanyaya zuciyar Maharazu a duk inda yake. Allah ya sa kada mu mutu da haƙƙin kowa a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, amin.