Tulun Da Yake Matsawa

Akwai wani manomi wanda ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Shekara talatin bai taɓa fashin kai damin dawarsa gaban ikilisiya ran godiyar kaka ba. Ga kaka tana matsowa, shi kuwa ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Maƙwabcinsa, mai horar da 'yan kokawa, ya zo gaishe shi. Manomin ya ce, "Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Ni na zama kaya."

Mutumin bai yi masa gardama ba. Ya ajiye tulu taku uku daga tabarmar manomin, ya ce, "Yaya, ban ce ka je majami'a ba. Tashi ka sha ruwa da hannunka."

Kowace safiya haka. Manomin yana jan ƙafa, idonsa a ƙasa, yana mita kamar an aike shi Kano. Ya isa tulun yana haki, ya sha, ya komo.

Bayan wata uku ya fashe da kuka, ya ce, "Har yau tulun nan kaɗai nake kaiwa, kuma da ƙyar. Ban ƙaru da kome ba."

Maƙwabcin ya ce, "Yaya, ɗaga kai ka waiwaya."

Ya waiwaya, sai ga tabarmarsa can nesa, shi kuwa yana tsaye a bakin zaure. Ashe kullum maƙwabcin yana matsar da tulun kaɗan kafin manomin ya tashi.

Ran godiya bai iya ɗaukar dami ba. Zangarniya ɗaya ya riƙe, ya taka a hankali da ƙafarsa har gaban ikilisiya, hawaye yana zuba.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan mu ne, mai horarwar kuwa Ubangiji ne. Mukan auna kanmu da gajiyarmu, mu ce addu'a har yanzu da wuya, gafartawa har yanzu da wuya, ba mu ci gaba ba. Ubangiji ya san ƙarfinmu, yana ƙara mana tafiyar kaɗan kaɗan cikin ƙauna. Ɗan'uwa, in ka gaji yau, kada ka ce ka zama kaya. Waiwaya ka ga inda ka baro tabarmarka.