Ranar da Bajira Ya Hau Tarakta

Wani ne ya kashe mana noman bara, kuma ba gwamnati ba ce, duk da ita ake ta zagi. Mutumin yana nan cikinmu, har gaisawa muke yi. Ba sai na kira sunansa ba, laƙabinsa ya isa: Bajira. Mutum ne da ko shayi ka miƙa masa sai ya ƙona harshe.

Ga yadda aka yi. Gwamnati ta ba ƙungiyarmu ta ƙananan manoma tarakta ɗaya. Ta kuma wajabta wa kamfanin abincin kaji ya riƙa sayen masara a hannun irinmu. Sharaɗi ɗaya ne: malamin gona zai zo bayan kwana goma sha biyu, gonar da ya tarar an shuka ita kaɗai zai rubuta wa kamfani. Gonakinmu goma sha bakwai ne. Muka jefa ƙuri'a, kowa ya san layinsa, Bajira ya zo na tara. Makullin kuwa a hannunsa yake, don rumfar gidansa ce kaɗai taraktar ke iya shiga.

An gama gona huɗu sai aka wuni ana tafka ruwa. Washegari direban taraktar ya damƙi ƙasa ya matse. Ta dunƙule, ruwa na tsatsowa ta tsakanin yatsunsa.

"Yau ba shiga," in ji shi. "A bar ta ta sha iska kwana biyu."

"Kwana biyu?" in ji Bajira. "Kai ina ruwanka, ko an shuka ko ba a shuka ba, za ka ci abinci."

"Ranka ya daɗe, tarakta ce fa, ba agwagwa ba."

Muka kwashe da dariya, ban da shi. Direba ya kama gabansa. Bajira ya yi ta kai-kawo a bakin rumfa, ya lissafa kwanaki da yatsu, ya dubi sama, ya sake lissafawa.

Layin ranar na matar ƙanensa ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Tana ganin ya ɗauko makulli ta sha gabansa.

"Yaya, ni mai layin na haƙura. Kai me ya yi maka zafi?"

"Tunda kin haƙura, ranar ta zama tawa. Matsa."

Ya haye tarakta da kansa ya nufi gonarsa. Gonar kuwa a gangare take, laka zalla. Ya yi zuwa ɗaya lafiya, har yana ɗago mana hannu. A na biyu tayoyin baya suka lume. Da mai hankali ne, da ya kashe inji ya sauko. Shi sai ya ƙara taka wuta. Tarakta ta yi ta haƙa wa kanta rami har cikinta ya taɓa ƙasa, sannan wani abu ya ce ƙas!

Kwana biyu muka yi da shanu da igiyoyi kafin mu ciro ta. Makanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce ƙarfen da ya karye sai an yi odarsa, mako uku. Muka koma garma da fartanya, ba ci ba sha. Malamin gona ya zo a ranar da ya faɗa, ya tarar da gona bakwai a shuke, ya rubuta bakwai. Babu ta Bajira. Babu ta matar ƙanensa.

Da kaka motar kamfani ta zo ta ɗauki buhunan mutum bakwai. Ta wuce ta ƙofar gidan matar nan, tana tsaye kusa da 'yar masararta. Bajira na gefe, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ka ga motar?" in ji ta. "Ita ma ba ta jira."

Darasin a fili yake: kayan jama'a ba ya ɗaukar gaggawar mutum ɗaya. Gwamnati na iya ba ka inji, ta tilasta wa kamfani ya saya, amma ba za ta zuba maka haƙuri a ciki ba. Wanda ya tsallake layi, wanda ya fi shi rauni yake takawa. Mu kuma da muka tsaya muna kallo ba mu ƙwace makullin ba, da mu aka yi ɓarnar. In kuwa kana ganin na yi wa mutumin sharri, ko babu irinsa a ƙungiyarku, to fito ka ƙaryata ni.