Sarkin da Ya Ɗebi Jan Wake

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa ta manoma, mai kaifin ido ne da saurin hukunci. Duk kaka dagatai sukan hallara a fada, kowa ya faɗi abin da ƙauyensa ya noma. Wanda ya fi kowa hatsi a yafa masa alkyabba, wanda ya zo ƙarshe kuwa a shimfiɗe shi a ƙofar fada a yi masa bulala.

Da shekaru suka tura, sai sarki ya lura da wani abu. Waɗanda aka daka, in shekara ta zagayo hatsinsu yakan ƙaru, waɗanda aka yi wa alkyabba kuma nasu yakan ragu. Ya tara fadawa ya ce, "Na gane bulala taki ce, kyauta kuwa fari. Daga bana babu alkyabba, bulala kuma a ninka ta."

A wannan shekarar wanda ya zo ƙarshe shi ne Sallau, wani dattijon dagaci da ruwa ya ɗauke wa ƙauyensa tun gero bai fid da kai ba. Wazirin sarki, Ɗayyabu, ya san shi, ya san yakan riga talakawansa fita gona. Da ya ga dogarai sun tuɓe masa riga, haƙarƙarinsa a waje, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya tashi ya tsaya tsakanin tsohon da mai bulala.

Sarki ya ce, "Waziri, matsa."

Ya ce, "Ya sarki, ba zan matsa ba. Idan zazzaɓi ya kai matuƙa, mai jinya ya zagi mara lafiya, gari ya waye ya sami sauƙi, zagin ne magani?"

Sarki ya ce, "Gona ba zazzaɓi ba ce. Da idona na gani, shekara bayan shekara. Ƙaryata idona kake yi?"

"Idonka ya ga gaskiya, ya sarki. Fassarar da ka yi mata ce ƙarya."

Sarki ya ce, "Ka kawo hujja kafin inuwa ta bar bangon nan. In ka kasa, bulalarsa ta koma bayanka, rawaninka kuma ya sauka."

Waziri ya yarda, ko da yake shi ma tsufa ya kama shi. Ya sa aka kawo buhu, aka zuba farin wake da ja aka cuɗa su sosai. Ya ce, "Kowane bafade ya rufe ido ya ɗebi cikin tafinsa. Farin shi ne amfanin gonarsa. Kai ma, ya sarki, ka ɗiba, tun da hukuncin naka ne."

Sarki ya yi dariya ya zura hannu. Aka bi kowa aka duba. Wasu tafinsu ya yi fari, wasu rabi da rabi. Da sarki ya buɗe nasa, sai ga ja ya rinjaya, har babu wanda ya kai shi ƙarancin fari. Waziri kansa bai zaci haka ba, amma da ya gani bai ja da baya ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kai ka zo ƙarshe. Bisa dokarka, sai ka kwanta a yi maka bulala, domin hannunka ya gyaru."

Dogarai suka dafa takubba. Fuskar sarki ta canza, ya ce, "Mene ne laifin hannuna? Abin da buhu ya ba ni na ɗauko!"

Waziri ya ce, "To, kada a taɓa kowa, kada a yabi kowa. A mayar, a cuɗa, a sake ɗiba."

Aka sake. Farin sarki ya ƙaru, haka na galibin waɗanda suka yi ƙasa. Waɗanda suka yi fice da farko kuwa, yawancinsu suka dawo tsakiya.

Waziri ya ce, "Wa ya dake ka har ka ƙaru? Wa ya lalata waɗancan da kyauta? Abin da sa'a ta kai ƙololuwa, ko rashinta ya kai ƙasa, da wuya ya maimaita kansa. Kusa da tsakiya yake komawa, ko an yi duka ko ba a yi ba. Bulalarka ta riƙa cin yabon da ba nata ba."

Sarki ya dubi waken da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ashe noma duk sa'a ce? Babu rago, babu mai himma?"

"Akwai su, ya sarki. Amma a kaka guda himma da ruwan sama a cuɗe suke kamar waken nan. In kana son raba su, dubi mutum damina da yawa, ka kuma gwada shi da maƙwabtansa da hadari ɗaya ya rufe su. Wanda kullum yake ƙasa alhali na kusa da shi suna samu, shi za ka tuhuma."

Sarki ya zubar da waken, ya sauko daga karaga, ya ɗauki rigar Sallau da kansa ya miƙa masa. Ya aika a nemo duk dagacin da aka taɓa daka domin ya nemi gafararsu, aka kuma ɗebi hatsi daga rumbun fada aka kai ƙauyen da ruwa ya yanke wa.

Sannan ya dubi waziri ya ce, "Ka tsaya a gabana lokacin da kowa ya sunkuya, kada ka daina. Yau na sani, mai adalci yakan tambayi hannu abin da ya aikata, ba abin da ya faɗo cikinsa ba."