Kwalaben Malam Inuwa

Akwai wani dattijo mai gyaran injina a wani kamfanin matse man waken suya a Sharaɗa, ana ce masa Malam Inuwa. Shekararsa ashirin da shida a wurin. Duk ƙarfe ko robar da aka kawo kamfanin, sai ya yanki guntu ya jefa a kwalbar mai, ya jera a taga. Ma'aikata har "boka" suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Da man gas ya yi tsada, sabon injiniya Musbahu ya kawo shawarar a riƙa hura tukunyar tururi da gurɓataccen man waken da ake zubarwa. Dabara ce mai kyau, wallahi. Sai dai da bututun tagulla da tiyon roba ya ja man.

Malam Inuwa ya ce, "Injiniya, man nan yana da tsami. Zai cinye su."

Musbahu ya tuntsire da dariya. "Haba Baba, mai ne fa! Da mai ake hana tsatsa."

Manaja, Hajiya Sumayya, ta gaji da gardamar. Ta ce, "Malam, in kuka sake tsayar mana da aiki, to ku tafi gida ku huta."

Malam Inuwa ya yanki tagullar da robar, ya tsoma su a kwalbar gurɓataccen man.

Bayan sati bakwai, wata safiya ya ɗaga kwalbar. Man ya koma kore shar kamar miyar kuka, robar ta kumbura ta yi laushi. Ga shi tiyon nan daidai saman wuta ya ratsa, ga mutum huɗu suna aiki a ƙarƙashinsa. Ya san abin da zai biyo baya, amma ya je da hannunsa ya rufe famfon man. Aiki ya tsaya cik.

Hajiya ta fito a fusace. "Ba na gargaɗe ku ba?"

Dattijon ya miƙa wa Musbahu kwalbar kawai. Musbahu ya kalle ta, ya hau tsani, ya danna tiyon. Yatsansa ya nutse, mai ya tsiyayo. Ya sauko da sauri.

Kowa ya zuba ido a ga yadda dattijo zai rama. Ina! Cewa ya yi, "Hajiya, dabarar Injiniya tana da kyau. Bututun da tiyon kawai za mu canza."

Washegari Musbahu ya tsaya a ƙofar Malam Inuwa da kwalba a hannu, kansa a ƙasa.

"Baba, akwai sauran wuri a tagar nan?"

Malam Inuwa ya matsar da kwalabensa.

Darasi: Kada ka raina sanin wanda ya daɗe yana lura, kuma in gaskiyarka ta fito, kada ka tozarta wanda ya yi kuskure. Ku tura wa 'yan'uwa ma'aikata, wataƙila ya tsare ran wani.