Riƙon Barira

Ku matso, ku ajiye kofunan nan, don ba na son ƙarar cokali idan ina magana. Ni Bawa Mai-Turare, da shekara ashirin ina kasa kwalabe a gindin darbejiyar bakin kotu, mutumin da alƙalai huɗu suka saya a hannunsa kuma babu wanda ya dawo da kuka, yau ni ake nunawa da baki a gari, wai na shiga tsakanin 'ya da iyayenta. Ni da aka aika. To ku saurara, in kun ga laifina ku faɗa, amma ba shi ne abin da na tara ku a kai ba.

Isyaku abokina ne, mai gyaran injin ban-ruwa a fadama. Ni na yi masa dalilin auren Lantana, kuma har gobe ina cewa zaɓin ya yi kyau, zaman ne bai yi ba. Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Barira. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda mutanenmu suke da ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a. Lantana "yarinyar nan" take cewa. Isyaku kuwa in Barira ta rarrafo wajensa sai ya hau duba farcensa. Da lokacin yaye ya yi aka kai ta ƙetaren gulbi wajen yayar Isyaku, Goggo Tasalla, wadda mijinta ya rasu ba ta taɓa haihuwa ba. Aka ce wata biyu za ta yi. Wata biyun ne ya zama shekara biyu.

Barira na da shekara huɗu auren ya mutu. Aka zo gaban alƙali, ina daga taga ina ji. Ya dubi Lantana ya ce, "Shari'a ke ta fara ba wa riƙo. Kina so a ba ki 'yarki?"

Kotu cike da surukai. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Allah ya gafarta malam, duk yadda manya suka yi daidai ne."

Ya juya kan Isyaku. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai 'yar Yaya ce."

Alƙalin baƙo ne a ƙasarmu, ya ɗauka abin da suka faɗa shi ne a ransu. Ya bar yarinya a hannun Tasalla, ya ɗora wa uba ci da sha da sutura da magani. Na ga Lantana a bayan kotu tana kuka har da shessheƙa. Na ga Isyaku ya hau babur ya manta hularsa a kan benci.

Daga nan wahalata ta fara. Duk ƙarshen wata Isyaku zai ɗaura mini gero da shinkafa da sabulu a bayan keke, ya ce, "Kai wa Yaya. Ga takalmi kuma, na yarinyar can ne, kada ka ce ni na saya." Lantana, da ta koma gidan ubanta a cikin gari tana suyar waina a bakin tasha, sai ta tare ni a hanya da ƙullin atamfa ko ɗankunne, ta ce, "Malam Bawa, don Allah kada ka ambace ni." Wata rana har 'yar akuya ta ba ni, na ƙetare gulbi da ita tana yi mini fitsari a sabuwar shadda. An ce kada in faɗa, ban faɗa ba. In yarinya ta rugo tana cewa "Baffa Bawa ya kawo mini takalmi", ya zan yi? In ƙaryata yarinya? Na dai gyara zaman hulata na karɓi godiya, tunda ba ta da mai karɓa.

Haka muka yi shekara uku. Sai daminar bara, zazzaɓin cizon sauro ya kama Barira.

Tasalla ce ta fara gane abin ya wuce na gida. Maƙwabta suka ce ciwon shawara ne, a jiƙa saiwa a ba ta, zuwa jibi ta miƙe. Tasalla ta buɗe tafin hannun yarinyar ta ga ya yi fari fat, ta ja fatar idonta ta ga babu ja ko kaɗan. Ta san kalar wannan hannu, shekara biyar tana wanke shi. Ta ce jini ne ya ƙare, ba mai ba 'yarta jiƙo. Mace mai ciwon gwiwa, ta goya yarinya 'yar shekara bakwai, ta taka da ita cikin taɓo tun hantsi har azahar kafin ta kai bakin gulbi. Daga baya likita ya ce da an kwana ɗaya ana jiƙo, da sai dai gawa.

A bakin gulbi aka tarar ruwa ya cika ya tumbatsa, yana tafe da itatuwa. Masu kwalekwale suka ja jiragensu tudu, suka ce ko uwarsu ce ba za su shiga ba. Isyaku yana fadama ta gefen su Tasalla yana kwance injuna don kada ruwa ya ci su, labari ya same shi. Ya zo ya karɓi babban gora a hannun wani masunci, ya ɗaure Barira a bayansa da zanen yayarsa, ya kifa cikinsa a kan goran ya faɗa ruwa. Mutumin da bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ranar gari guda na kallo. Ruwa ya ja su har ƙasan makabarta kafin ya kama reshe ya fita. Ba don shi ba, da tafiyar Tasalla a bakin ruwa ta ƙare.

A asibiti aka ce sai an ƙara jini yanzu-yanzu, kuma babu irin nata a ajiye. Aka gwada na Isyaku bai dace ba. Nawa ma an gwada, a rubuta wannan, duk da dai na ɗan runtse ido. Sai ga Lantana ta shigo ba mayafi, ta bar tanda a kan wuta, hannunta duk ƙullu. Aka gwada nata ya dace, amma ma'aikaciyar jinya ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, ke kanki jinin bai ishe ki ba. Mece ce ita a wurinki?"

Ta ce, "Barira ce. 'Yata ce, ni na haife ta. Ku ɗiba."

Ranar ta fara faɗin sunan. Aka ɗiba, ta sume a kan benci, yarinya ta buɗe ido kafin magariba.

To kunyar da ta fashe ba ta ɗinkuwa. Barira na warkewa, su ukun suka dawo kotu, kowa na son riƙo, wannan karon da baki buɗe.

Lantana ta ce shekara uku tana korar manema, don ta ji an ce in ta yi aure haƙƙinta na riƙo ya faɗi. Ta ce abin da ta faɗa a wancan zaman kunya ce ta faɗe shi, kuma kowa a ɗakin ya sani in ban da alƙali. Sai dai ɗaki ɗaya gare ta a gidan ubanta, kuma tun asuba tana tasha.

Isyaku ya ce bai taɓa tsallake wata bai aika abinci ba, ko a shekarar da ambaliya ta cinye fadama. Gidansa na kusa da asibiti da makaranta, ba gulbi a tsakani. Sai dai babu mace a gidan, shi kuma wuni yake a bakin inji.

Tasalla ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Lokacin da kuka ce ba ku so, ni na ce ina so. Na san abin da take ci, na san abin da ke firgita ta. In kun ɗauke ta, wa zan dafa wa?" Sai dai gwiwa ta ƙi, kuma gulbin nan yana nan inda yake, damina kuma za ta dawo.

Alƙali ya sa aka kawo Barira, ya tambaye ta a hankali wa ya fi sonta a duniya. Yarinya ta waiga, ta wuce uwa, ta wuce uba, ta miƙa yatsa ta taga.

"Baffa Bawa. Shi ya kawo mini akuya."

Aka shigo da ni, na tsaya da hulata a hannu na lissafa komai: takalmi na wane, ɗankunne na wance, akuya ta uwarta ce, dusar da take ci ubanta ke aikowa, igiyar da ke wuyanta Goggo ce ta tufka. Barira ta dubi Lantana ta daɗe, ta dubi Isyaku, sannan ta koma ta riƙe gefen zanen Tasalla, amma idonta na kan su biyun. Tun ranar ba ta ƙara ce mini Baffa da daɗin da ta saba ba, kuma wannan ne kaɗai abin da ya yi mini ciwo a maganar.

Alƙali ya ɗage zama zuwa bayan Sallah. Ya ce ciyarwa tana kan uba ko ina yarinya ta kwana, wannan ba gardama. Amma ɗaki ɗaya za ta kwana a ciki, ba uku ba.

To ga ku nan, masu shan shayina kuna zagina. Wadda ta gane ciwon ta goya ta zuwa bakin ruwa, da wanda ya ƙetare da ita, da wadda ta ba ta jinin jikinta: a hannun wa za ku sa Barira?