Kunnen Gari da Layin da Ya Katse

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gabatar da shiri a gidan rediyo. Kullum da safe yakan buɗe layi, talaka ya kira ya faɗi damuwarsa. Famfo ya ƙafe, asibiti babu magani, duk a shirinsa ake ji. Har mutane suka sa masa suna Kunnen Gari.

Sai aka yi sabon shugaban ƙasa mai daɗin baki. Kullum cewa yake shi kaɗai ke son talaka, duk wanda ya soke shi maƙiyin jama'a ne. Bai rufe gidan rediyon ba. Kiran Kunnen Gari ya yi, ya dafa kafaɗarsa, ya ba shi shugabancin gidan da mota da direba.

Tun daga ranar layi ya koyi lalacewa. Mai yabo ya yi ta zuba, mai kuka kuwa da ya buɗe baki sai ka ji ɗif. Da aka rufe jaridu, shi ya fara tafa hannu. Da aka tsige alƙalin da ya hana ɗage zaɓe, shi ya mayar da shi abin ba'a, mutane na ta dariya a shaguna.

Wata safiya wata ma'aikaciyar jinya ta kira, ta ce: "Ruwan famfo ya gurɓace, yara na ta amai da gudawa. Don Allah a riƙa tafasa..."

Ya katse ta. Ya buɗe ruwan gora da ya zo da shi, ya kurɓa a bakin makirfo. "Kun ji? Daga famfo na tara, garau yake. Sharrin 'yan adawa ne."

Mutumin nan yana da yaya, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Maƙwabciya ta ce mata ta tafasa ruwa, ta ce, "Haba, ƙanena ba zai yi mini ƙarya ba." Ta sha, ta ba jikarta. Aka binne jikar, ita ma ta bi ta.

Ya dawo aiki ido jawur, ya ce yau zai faɗi gaskiya. Masu gadi suka tare shi a ƙofa. Kafin azahar wanda aka ɗora a kujerarsa yana shelar cewa maƙiya sun saye shi. Ya nufi ofishin jarida, ya tarar an garƙame shi da kwaɗo. Ya je kotu, aka ƙi sauraronsa. Ya tsaya a bakin titi yana rantsuwa cewa ruwan guba ne, masu wucewa suka ce, "Rabu da shi, korarsa aka yi."

Wa zai ji shi? Ba shi ya koya musu toshe kunne ba?

Abin da ke ba ni takaici, ya 'yan uwa, mu ne masu dariyar nan a shaguna. Ƙarya idan ta fito daga bakin wanda muke so, sai mu ce hikima ce. Harshe amana ce, kunne ma amana ce, kuma za a tambaye mu a kansu. Ranar da aka rufe bakin wanda ba ka so, ka sani naka ke biye.

Allah ya ba mu ikon jin gaskiya ko tana da ɗaci. Allah ya kiyaye mu.