Tukunyar da Aka Yi wa Fenti

An yi wani mutum mai gyaran esin mota, wato na'urar sanyi. Mai Sanyi ake ce masa. Ya iya aiki, ba ƙarya. In tsohuwar mota ta zo tana hura zafi, sai ya duba fiyus, ya duba bel, ya kasa kunne ya ji ko kwamfaresa na kamawa. In gas ne ya tsere, ya kaɗa ruwan kumfa ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda yake yoyo.

To, a hankali ya ga bin tiyo na cin lokaci. Ya daina. Daga nan ya gano gas ɗin girki ma yana sanyaya mota, ga araha. Ya samo tukunyar gas ɗin girki ya yi mata fenti kamar ta gas ɗin esi. Mota ta yi sanyi, mai ita ya tafi yana sa albarka. Wa zai sani?

Ya 'yan uwa, Allah fa?

Ran nan da rana tsaka sai ga yayansa da tsohuwar akori-kurarsa. Yayan ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu.

"Kai ƙane, kana sanyaya duniya, yayanka na dahuwa kamar ƙwai?"

"Yaya, bari sai gobe."

"Goben me? Ga tukunya can ina gani. Ko ni ne ba ka so?"

Rabon garejin da gas na gaskiya an yi watanni. In ya faɗa, asirinsa ya tonu gaban mutumin da ya fi jin kunya. Sai ya jona tukunyar ya ɗura masa. Bai kaɗa kumfa ba. Ashe tiyon ya tsage daga ciki, kusa da wata waya da ta saɓule.

Yayan ya rufe gilas, ya ɗaga masa hannu yana dariya. Bai kai kwanar titin ba wuta ta tashi a motar.

Mai Sanyi ya ruga ya kama ƙofa da hannu biyu. Ta ƙi buɗuwa.

Yau yatsunsa sun ƙanƙance saboda ƙuna, ko sifana ba ya iya riƙewa. 'Ya'yan marigayin kan zo gaishe shi, su ce, "Baba, ka yi ƙoƙari, har hannunka ka bayar." Sai ya sunkuyar da kai.

Ya 'yan uwa, mu bar ha'inci a sana'a. Abin da kake zuba wa baƙo, wata rana naka ne zai kawo motarsa, kuma kunya za ta rufe maka baki.

Allah ya jiƙan wannan yaya nasa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da aikin da ba za mu iya faɗa wa ɗan uwa ba. Amin.